Katin Gwanjo da Kujerar Abuja

In za ka iya yarda, bismilla, in ba za ka iya ba ma ba zan riƙe rigarka ba. Ni ɗin nan, mai sayar da caja da kes ɗin waya a bakin titin Kwamba a nan Suleja, magidanci da gemunsa, na taɓa shafe damina guda kaina a cikin dilar gwanjo. Ba riga nake nema ba, ba takalmi ba. Ƙananan kwalaye nake nema masu hoton dodanni. Ka je babbar kasuwa ka tambayi masu kwance dilar kayan wasan yara. Har gobe in na gifta ta layinsu sai wani ya taɓa na kusa da shi ya ce ga mai aljanun nan ya dawo.

Wani malamin makaranta ne ya ja mini. Mutumin kudancin Kaduna ne, lissafi yake koyarwa a wata makarantar kuɗi da ke Kurmin Sarki, kuma kowa Tica yake ce masa, har matarsa. Ya zo shagona in manna masa gilashi a waya, yana laluben jaka sai wani ɗan akwati ya suɓuce, kati ya watse a ƙasa. Na ce ashe Tica kai ma ɗan hannu ne, karta da rana tsaka. Ya ɓata rai kamar na zagi kakansa. Ya ce ba karta ba ce, ba caca ba ce, in ina da ɗan lokaci zai nuna mini. Ɗan lokacin nan sai da ya cinye mini cinikin yini.

Ga yadda abin yake. A karta kowa daga tuli ɗaya yake ɗiba. A nan kowa da tulinsa yake zuwa, kati sittin da ya zaɓa ya haɗa da kansa, shi ake kira dek. Kowa yana farawa da rai ashirin. Akwai katin ƙasa, wanda shi ne fetur ɗin wasan, ba ya duka ba ya karewa, amma in babu shi ba abin da zai tashi. Akwai mayaƙa, da su ake kai hari. Akwai katin wuta da kake jefa wa mutum kai tsaye. Wanda ya riga ƙarar da ran abokin karawarsa shi ya ci. Abin da Tica bai gaya mini ba ran nan shi ne katin nan saye ake yi, daga waje yake zuwa, kuma masu kyan cikinsu guda ɗaya zai biya maka hayar ɗaki a unguwar Iku har ka yi fenti da canjin.

Ranar Asabar bayan la'asar ake haɗuwa, a bayan shagon wata Madam 'yar kudu mai sayar da lemo da farfesu. Teburin roba, benci, rumfar kwano da take yoyo ta gefe ɗaya. Ba mu da yawa, galibi malamai ne da masu aiki a Abuja. Ni da aron dek ɗin Tica na fara, kuma duk wanda ya taɓa zuwa biki da aron babbar riga ya san yadda mutum yake zama a ɗarare.

A wurin ne na haɗu da Oga. Ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Binuwai, kullum da asuba yana kan hanyar Zuba, da yamma ya dawo sabon gidansa a Iku. Mutum ne mai kirki, wannan shi ne abin haushin. Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi, in ka zo shi zai fara saya maka lemo. Amma katinsa oda yake yi, kowane ɗaya yana cikin 'yar rigarsa ta leda mai sheƙi, duk suna cikin jaka mai zif, jakar ma tana cikin wata jakar. Kuma wasansa irin aikinsu ne sak. Ka sauke mayaƙi, ya ce bai amince ba, ya sa kati ya soke. Ka jefa wuta, ya ce a dakata. Ka sake kawo wani, ya mayar maka da shi hannu ya ce ka dawo zagaye na gaba. Haka zai yi ta yi maka kamar fayil ɗin da aka ce oga ya fita mitin, har ƙafarka ta yi sanyi, har farfesun Madam ya yi kitse a sama, sannan ya sauko da wani ƙaton dodo guda ɗaya ya haɗiye ka. In ya gama sai ya miƙo hannu ya ce ka yi ƙoƙari. Na taɓa fara wasa da shi da sabon aski, kafin mu tashi ina bukatar wani.

Ana haka Tica ya zo da labari. Wani shago a Abuja zai yi gasa, kuma sun ba mutanen Suleja kujera ɗaya kyauta, wanda ya zauna a kanta shi ne wakilinmu. Wanda ya ci gasar akwati guda na sabon kati za a ba shi, a rufe, da ledarsa. Ni kuwa tunda nake ban taɓa yaga ledar sabon kati ba, sai dai in ji ƙamshinsa daga nesa in Oga yana buɗe nasa. Tica ya ce ba son kai, za mu kara a tsakaninmu, wanda ya tsaya a ƙarshe shi zai tafi. Sharaɗi ɗaya: kowa da dek ɗinsa, ba aro. Oga zai iya biya wa kansa kuɗin shiga gasar nan ba tare da aljihunsa ya sani ba, amma ya ce shi ma yana ciki, wai a ce wakilin Suleja ya fi daɗi a kunne. Ni kuwa in ba ta kujerar nan ba, ko ƙofar shagon ba zan gani ba.

Na tare Tica a hanya na ce ya gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah, talaka yana da dek a wasan nan ko babu. Ya ce akwai, shi ake kira jan dek. Ƙananan mayaƙa masu arha waɗanda masu kuɗi suke zubarwa, da katin wuta, ka sauke su tun zagayen farko ka yi ta duka ba numfashi, ka gama da mutum kafin manyan katinsa su farka. In wasa ya yi tsawo ka mutu, in ya yi gajere kai ne sarki. Na ce Tica ai wannan tuƙin ɗan keke ne a go-silo, ka kutsa kafin mai jif ya gama duba madubi. Ya ce kusan haka. Na ce to an zo gidana.

Shi ne ya ba ni sirrin gwanjo. Dilar kayan wasan yara in ta zo, a can ƙasa, ƙarƙashin 'yar tsana mai ido ɗaya da mota mai taya uku, akan samu kati a warwatse, na yaran Turawa da suka girma iyayensu suka kwashe ɗaki. Masu dila shara suke ɗaukarsa. Ran farko kyauta suka bar mini, har da godiya na share musu wuri. Rana ta biyu suka kalle ni. Rana ta uku wani daga cikinsu ya tara katin a leda ya ɗora a kan cinyarsa, ya ce kaya sun yi tsada, dala ta tashi. Na ce jiya shara ce fa. Ya ce jiya bai san ina so ba.

Kuma ba wai kana ɗiba kana samun na kirki ba ne. Rabin abin da ke cikin dila na wani wasan ne daban, masu hoton ɓeraye da ƙadangaru. Wasu rubutunsu ba Turanci ba ne, wani irin zane ne kamar kaza ta taka tawada. Wani karen Bature ya tauna gefensa. Wani an yi wa jarumin ciki gashin baki da biro. Na samu wani mayaƙi da nake matuƙar nema, na ɗaga shi sama ina murna, na juya baya sai ga cingam da ya bushe tun kafin a haifi ɗana na fari. In na dawo shago hannuna yana warin maganin da ake fesa wa gwanjo, kwastoma su riƙa ja da baya.

A gida ma ban tsira ba. Maiɗakina ta ga hotunan ta ce ko dai caca ce ko tsafi, in zaɓi ɗaya ta san wanda za ta kai wa ƙara. Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan, ta saurara har ƙarshe, ta ce to ta gane, wasan yara ne da manya suka ƙwace. Bayan kwana biyu na nemi katin wutata mafi kyau na rasa. A kicin na same shi, tana kwasar yaji da shi daga turmi. Ta ce ya fi cokali shiga lungu. Har ranar da dek ɗin nan ya mutu, in na jefa wannan katin sai na gabana ya yi atishawa.

Akwai wani ɗan mayaƙi, ɗan guntu mai gatari, wanda yana sauka yake kai hari ba ya jira. Shi ne ƙashin bayan dek ɗin, kuma doka ta yarda ka sa guda huɗu. Na samu uku. Na huɗun na neme shi a Suleja, na neme shi a Madalla, na sa wani direba ya duba mini a Kaduna, babu. Ashe yana nan jibge a jakar Oga, cikin waɗanda yake kira tarkace. Na ce ya sayar mini. Ya ce haba, ya za a yi ya karɓi kuɗina a kan wannan. Ya jira sai da kowa ya zauna, sannan ya zaro shi da yatsu biyu ya miƙo mini ta saman tebur, ya ce in riƙe, ai dama ƙafar teburinsa yake niyyar tokarewa da shi. Na karɓa na yi godiya da baki. A zuciyata na ce wa guntun nan, ka ji abin da ya ce da kai, ka riƙe.

Sai gwaji. Tica yakan biyo ta shagona in an tashi daga makaranta, mu baza kati a kan gilashin shoges ɗin da nake jera kaya. Dek ɗina na farko abin kunya ne. Na cika katin ƙasa, sai in ɗibi hannu in ga fili ne zalla kamar dillalin fuloti, ba mai kai hari ko ɗaya. Na rage, sai ga mayaƙa cike da hannu ba fetur ɗin sauke su, suna kallona ina kallonsu. Na ƙara ɗaya, na cire ɗaya, na mayar da ɗaya. Ina cikin sallar walaha a raina ina lissafin ƙasa, sai da na yi istigfari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dodona. A duk abin da na tono daga gwanjo kati ɗaya ne mai kyau, wani jan dodo mai fukafukai, gefensa yana walƙiya in rana ta taɓa shi. Shi kaɗai ne in na ajiye a tebur ake cewa a'a, ina ka samo. Tica ya ce in cire shi. Ya ce yana cin ƙasa da yawa, kafin in iya sauke shi wasan ya zama na Oga. Na ce shi ne mutuncin dek ɗin. Ya ce mutunci ba ya rage wa kowa rai. Na yi gardama, na bar shi a ciki, na sha kashi a jere, kowane karo dodon yana zaune a hannuna yana sheƙi kamar baƙon da ya zo biki bayan an kwashe kujeru. Na cire shi na maye gurbinsa da wani ƙazamin ɗan mayaƙi mai kan kabewa. Daga ranar na fara cin Tica. Ina ci ina jin haushi.

Ya rage kwana kaɗan a kara, dek ya zauna. Gudu yake kamar an biyo shi. Sai ruwa ya ce ga shi nan. Aka kwana biyu ana tafkawa, ɗakinmu ya ɗauki danshi, katin gwanjo kuwa dama a galabaice yake, ya fara kumbura yana laushi kamar biskit a shayi. Na kai wa Tica. Ya jujjuya ya ce ko ba danshi ma dole in sa musu riga, irin ledar nan ta Oga, don bayan katin nawa kowanne da tabonsa, kuma doka ita ce in an kife su kada a iya bambanta wani da wani. Na tambayi inda ake sayar da rigar. Babu a Suleja. In aka yi oda daga Legas sai bayan an gama gasar za ta iso, kuma kuɗinta ya fi na dek ɗin gaba ɗaya har da kuɗin keken da na kashe. Wato rigar ta fi mai rigar tsada.

Ina zaune a shago ina wannan tsaki sai maƙwabcina mai bizines senta ya leƙo. Abokina ne, tare muke shan rana a layin nan, shi yana hoto da fotokwafi. Ya ji matsalata ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce yanzu leda ce ta hana ni barci, alhali ga injin laminatin a shagonsa? Ya ce ya yi wa takardar haihuwa, ya yi wa takardar fili, ya yi wa satifiket ɗin mutanen da yanzu suke manyan ofisoshi, ya taɓa yi wa wani tsoho rasit ɗin rediyo. Wace takarda ce mai daraja a ƙasar nan da ba a yi wa laminatin? Rigar Oga ana zarewa, ruwa yana shiga ta sama. Tasa kuwa har abada, ko a kogi ka jefa.

Ka gaya mini, wane ɗan ƙasar nan ne zai ji wannan bai gyaɗa kai ba? Mu da muka tashi muka ga duk abin da ake ji da shi a gida a cikin leda mai tauri yake. Ban ma ga dalilin damun Tica da tambaya ba. Har tausayin Oga na fara ji, da kuɗinsa bai san wannan dabarar ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai masa, gobe karawa. Na jera su yadda na saba, mayaƙa da wuta a sama, katin ƙasa a ƙarƙashi. Inji ya yi zafi, ya fara turawa, suna fitowa sumul suna ƙyalli, har ɗan guntun nan mai gatari ya zama kamar katin shaidar babban ma'aikaci. Ya gama da mayaƙa, ya gama da wuta, ya ɗauki katin ƙasa na farko, aka ɗauke wuta. Janareto kuwa tun makon jiya yana wurin mai gyara. Muka jira har la'asar, muka jira har rana ta yi ja, ba alama. Na fara zagaye shagon ina surutai. Ya ce in kwantar da hankalina, laminatin ba komai ba ne illa zafi da dannawa, kuma ga mai wanki da guga nan a bayan layi da dutsen gugarsa na gawayi. Ya ce haka suke yi in aiki ya matse, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Aka shimfiɗa jarida a sama, mai guga ya hura gawayi, ya bi katin ƙasata ɗaya bayan ɗaya kamar yana kashe kwalar shadda. Sun kama, ba ƙarya. Sai dai kowanne ya ɗan lanƙwasa, gefe da gefe sun ɗaga kamar soyayyen yankan doya. Abokina ya ce zafi ne, in ɗora musu bulo su kwana. Na ɗora musu bulo biyu. Da safe suka miƙe, ko in ce suka yi kamar sun miƙe.

Da na haɗa dek ɗin wuri ɗaya sai da na ja da baya. Tsayinsa ya kai burodin gidan biki. Hannu ɗaya ba ya riƙe shi. Na sa shi a ledar baƙa na nufi wurin Madam, ina tafe yana ƙara kamar na ɗauko farantai.

Tica, wanda shi ne alƙalin karawar, bai iso da wuri ba, suna da gwajin waƙa a coci, ya aiko a fara kafin ya zo. Na zaro dek na ajiye, aka fashe da dariya. Wani ya tambaya ko katin zaɓen unguwarmu na kwaso. Na ce su yi dariya da kyau yanzu, don anjima bakin zai yi nauyi. Na zo cakuɗawa, katin ya zame daga hannuna kamar tarwaɗa, rabi a ƙarƙashin benci, ɗaya ya tafi har bakin tukunyar Madam. Ta ɗauko ta goge da gefen zani ta ce aƙalla wannan yana wankuwa.

Amma da aka fara, dariya ta ɗauke. Abokin karawata na farko malamin firamare ne, bai gama jera ƙasarsa ba na gama da shi, lemonsa ko rabi bai sha ba. Na biyu ya nemi a sake don wai bai shirya ba, aka sake, bai shirya ba har yanzu. Guntayen nan suna sauka suna sara. Ni kaina tsoron dek ɗin na fara ji. Can sai ga ni ga Oga, wanda ya ci biyu cikin uku shi ne mai kujera. Daidai lokacin Tica ya shigo yana share gumi, ya zauna nesa yana cin farfesu, bai lura da abin da ke hannuna ba.

Wasan farko Oga ya soke mayaƙina ɗaya, na sauke biyu. Ya soke ɗaya, na sauke wasu. Bai taɓa ganin mutanen da ba sa jin a dawo gobe ba. Guntun da ya ba ni sadaka shi ya yi saran ƙarshe, kuma na tabbatar na ajiye shi a gabansa da ƙara. Oga ya gyara gilashin idonsa.

Rumfar kwano ce, rana ta fito bayan ruwa, wurin ya ɗauki zafi. A wasa na biyu na kai hannu zan ɗauki kati daga saman dek, sai Oga ya ce a hankali, ƙasa ce. Na ɗauka, ƙasa ce. Zagaye na gaba ya ce wannan mayaƙi ne ko wuta. Wuta ce. Na gaba ya ce ƙasa. Na fara tunanin ko maiɗakina ta yi gaskiya, akwai tsafi a wasan nan, kuma a wurin ma'aikatan gwamnati yake. Na karanta abin da na iya a zuci na ci gaba da duka. Yana faɗin katina yana shan sara, yana faɗi yana shan sara, har ransa ya ƙare. Biyu ba ko ɗaya. Na miƙe tsaye na fara tambayar jama'a wace mota ce take zuwa Abuja da sassafe, kuma ko ana barin wakili ya zauna a gaba.

Oga bai miƙo hannu ba. Ya kira Tica, ya ce yana so alƙali ya ga wani abu. Ya tattara dek ɗina ya kife a tebur, ya fara rabawa gida biyu ba tare da ya juya ko ɗaya ba, wannan dama, wannan hagu, da yatsa ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da ya gama ya buɗe na hagu. Ƙasa ce zalla, ba kuskure ko ɗaya. Zafin rumfa ya tashe su, duk wanda dutsen guga ya taɓa ya koma ya lanƙwashe, na inji kuwa suna kwance sumul. Daga ƙofar shago ma za ka gane wanne ne wanne.

Tica ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a tebur, ya kalle ni kallon da yake wa ɗalibin da ya kawo aikin gida a rubuce a jikin kwali.

"Wa ya ce ka yi musu laminatin?"

"Kai ka ce in sa musu riga."

"Riga na ce. Ban ce ka binne su ba."

Ya ce wannan a doka kati mai alama ne, kuma mai kati mai alama ya faɗi, ko ya sani ko bai sani ba. Na ce a tsaya. Ni da nake riƙe da su ban gane ba, shi da ya gane shi ya yi ta leƙen katina wasa guda cur, kuma duk da haka ya sha kashi. To wa alamar ta taimaka? In akwai wanda ya ci amfanin maguɗi a wurin nan ai ga shi nan zaune da gilashi. Wasu suka ce ina da gaskiya. Tica ma ya ce ina da gaskiya, amma gaskiyar ba za ta shigar da ni shagon Abuja ba, don a bakin ƙofa za su duba dek, kuma in suka ga wannan Suleja gaba ɗaya za a yi wa dariya, kujerar kuma ta tafi a banza.

Na ce to a ɓare ledar. Na kama gefen wani ɗan mayaƙi da farce na ja. Ledar ta taso da fuskarsa da gatarinsa da rubutunsa, ta bar mini farin kwali a hannu. Abokina bai yi ƙarya ba, aikinsa har abada ne. Damina guda ta tonon dila, ga ta nan a tebur, ba ta shiga ruwa ba ta shiga gasa.

Tica ya ce kujera ta Oga ce. Oga ya ce shi bai so haka ba, kuma in ina so zai tafi da ni in yi kallo, akwai wuri a bayan mota. Ya sa Madam ta kawo mini lemo mai sanyi. Wannan lemon shi ya ƙarasa ni. Na ture shi gefe, na ce ya je, ya zauna a kujerar, ya ɗauki hoto, amma duk wanda yake rumfar nan ya gani da idonsa, katin shara ya kwantar da katin oda sau biyu a jere, kuma ba dokar da za ta goge wannan. Na ce ko a gaban waye zan maimaita, nasara tawa ce.

Oga ya ja zif ɗin jakarsa, ya sa ta a cikin ɗaya jakar, ya miƙe. Sai da ya gyara zaman gilashinsa sannan ya dube ni.

"Taka ce, mutumina, ba mai ƙwace maka. Ka kai ta a yi mata laminatin kada ruwa ya taɓa ta."